Maƙerin Da Ya Gina Ɗaki A Kan Tayar Wani

Duk wanda ya zauna Ikko ya san danfo, ya kuma san ba wurin hutawa ba ne. Mutane a cushe, kwandasta na rataye a bakin ƙofa yana kururuwar Oshodi ko Agege. Abin da watakila mai karatu bai sani ba shi ne, ƙirar Volkswagen ɗin nan da aka soma danfo da ita, ita ce Turawa suka mayar ɗakin kwana mai taya, da gado da murhu da kabad, suna yawon shan iska a ciki. Direban babbar mota da ya ɗauko shanu daga Arewa ya kwana a ƙarƙashin motarsa a Agege zai yi dariya in ya ji akwai masu zuba kuɗi don su kwana cikin mota. To, akwai su, kuma kamfanin da ya fi suna wajen yi musu wannan aiki shi ne Westfalia na ƙasar Jamus. Labarinsa ya shafi duk mai sana'ar da cinsa ya rataya a kan kayan wani.

Asalinsa maƙera ce. A cikin 1844 wani maƙeri, Johann Bernhard Knöbel, ya kafa uwar maƙerarsa a garin Wiedenbrück. Daga kayan noma gidan ya koma ƙera keken doki. Da mota ta kori doki sai jikokinsa suka koma ƙera tirela da ƙarfen nan mai kai kamar ƙwallo da ake maƙala ta a bayan mota. Watau kafin a kai ga maganar ɗaki mai taya, gidan ya riga ya saba da sake sana'a in kasuwa ta juya.

Volkswagen ya fara fitar da motarsa mai kama da akwati a 1950, don ɗaukar kaya. Shekara guda bayan haka, a 1951, Westfalia ya fito da abin da ya kira Camping Box. Labarin da aka saba bayarwa shi ne wani hafsan sojan Ingila da ke aiki a Jamus ne ya nemi a gyara masa motarsa yadda zai iya kwana a ciki. Dabarar ba ta da wuyar ganewa, amma tana da kyau ƙwarai: kayan ɗakin duka a haɗe suke, ana sa su ana cirewa. Daga Litinin zuwa Jumma'a mota tana dakon kaya, ran Asabar a zura mata gado da tebur, maigida ya kwashi iyali a tafi bakin ruwa. Jamus ta Yamma a lokacin ba ta gama farfaɗowa daga yaƙi ba, mutum kaɗan ne ke iya riƙe mota biyu, saboda haka mota ɗaya mai aiki biyu ta dace da aljihun mutane. Duk da haka kasuwar ba ta buɗe nan da nan ba. Wajen dubu ɗaya kurum aka yi daga 1951 zuwa 1958.

Sojojin Amurka da ke zaune a Jamus su suka taimaka wajen yaɗa ta, don da yawansu in za su koma gida sukan tafi da ita. Daga baya aka ƙaro rufin da ake turawa sama ya zama kamar tanti, mutum ya miƙe tsaye cikin mota, yara kuma su kwana a bisa. Aka ƙara wurin wanke kwano da tankin ruwa da ɗan firji. Dattawan da suka yi zamani a Kano cikin shekarun 1970 ba za su manta da Turawan nan matasa ba, masu ratso Sahara ta Agadas da Damagaram cikin irin waɗannan motoci, sun yi butu-butu da ƙura. A daidai wannan zamani ne, cikin 1975, Volkswagen ya buɗe ma'aikatar haɗa motoci a Ojo kan hanyar Badagiri, inda har yau ake kiran tashar wurin Volks.

Sama da shekara hamsin ana wannan zama. Volkswagen ya ƙera mota ya aika Wiedenbrück, Westfalia ya yanka rufi ya shirya ciki, dillalan Volkswagen su sayar. Kowa na samu. Amma in an duba da kyau, injin na wani ne, taya ta wani ce, shagon da mai saye ke shiga shi ma na wani ne. Kai, har suna. A 1988 aka fito da samfurin da ake kira California, wanda ya zo ya yi farin jini ƙwarai. Ma'aikatan Westfalia ne suka yi ta fama da zarto da guduma a kansa, alhali kuwa sunan yana hannun Volkswagen. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji masu magana, ko da yake a nan kurar ma ta sami rabonta.

Rana ta ɓaci ne sa'ad da kamfanin DaimlerChrysler, masu Marsandi, ya sayi kashi 49 cikin 100 na sashen gyaran motocin a 1999, ya kuma saye ragowar a 2001. Volkswagen ya waiwaya ya ga kafintansa ya koma gidan kishiya. Yana shirin fito da sabuwar ƙira, ina zai miƙa zanenta da asirinta ga ma'aikatar da abokin takara ke iko da ita? A 2003 zaman ya ƙare. Volkswagen ya soma shirya California da kansa a Hanover, da sunan da masu saye suka riga suka sani.

Akwai masu ganin an yi wa Westfalia butulci. Wannan magana ba ta da ƙarfi. Volkswagen bai ƙwace kome ba, abinsa ya ɗauka. Akwai kuma masu cewa da ma tun farko Westfalia ya ƙera motarsa. Su ma ba su auna nauyin abin ba, gama kafa ma'aikatar inji ba aikin gidan maƙera ba ne, kome girmansa. Inda rauni yake shi ne samfurin da ya fi kawo kuɗi bai zama da sunan mai yinsa ba. Telan da ke ɗinki a Idi-Araba ana kai wa wani kanti a Balogun a liƙa masa tambarin kanti ya san wannan hali sarai. Haka kafintan da ke kafa bodin katako a kan babbar motar wani alhaji guda. Muddin ana ɗasawa ba mai tunawa da wa ke riƙe da suna, sai ranar da aka saɓa, sa'an nan ake gane zanen aro ba ya rufe katara.

Sabon ubangidan ma bai daɗe ba. Daimler ya saki kamfanin bayan 'yan shekaru, a 2010 kuma bashi ya kai shi gaban kotu. Ba shi kaɗai ya taɓa shiga wannan rami ba. Dormobile na Ingila, wanda shi ma asalinsa gidan masu ɗinka kayan doki ne a Folkestone, ya yi tashe da irin wannan sana'a, amma ma'aikatarsa ta rufe a 1994.

Me ya hana Westfalia binsa? Tun kafin a ɓata ya riga ya buɗe wasu ƙofofi. Yana gyara wa Marsandi motoci, yana yi wa Ford samfurin Nugget tun 1986, kuma yana da sunaye nasa na kansa, irin su Joker da Sven Hedin da James Cook, waɗanda ba mai iya tafiya da su. Daɗin daɗawa, sunan Westfalia kansa ya zauna a bakin mutane, har a Amurka masu tsofaffin motocin Westy suke ce musu. Wannan suna da waɗannan ma'aikata su kamfanin Rapido na Faransa ya gani ya sa kuɗi ya saya bayan fatarar 2010. Aka ci gaba da yanka rufin motoci a Wiedenbrück, garin da aka hura wutar maƙerar farko, sai dai yanzu motocin daga gidaje daban-daban suke zuwa, har da Fiat, har da Volkswagen ɗin kansa.