Ƙwas-ƙwas a ƙafar 'yar shekara biyar

Jajibirin ƙaramar Sallah na tsaya gaban wani mai takalma a Tsohuwar Kasuwa ta Gusau, ina kallon wata uwa tana gwada wa ɗiyarta takalmi mai tsini. Yarinyar ba ta wuce shekara biyar ba. Takalmin ruwan zinare ne, an jera masa duwatsu masu ƙyalli, ya kuma yi mata yawa har yatsa biyu na shiga ta bayan dunduniya. "Hajiya, shi ake yayi," in ji mai kaya. Uwar ta ce a naɗe shi haka nan, ai za ta girma da shi.

Sayen kaya da ɗan girma tsohuwar dabara ce ta mai ƙaramin ƙarfi, balle tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 komai ya yi tashin gwauron zabo. A riga ko hijabi ba laifi. Amma ga tsini, ga yawa? Tsini yana tura nauyin jiki kan yatsu, ƙafa na zamewa gaba, yarinya na danƙe yatsunta kada takalmi ya suɓuce. Ƙafar ƙaramin yaro kuwa ba ta gama ƙwari ba, da sauran guringuntsi a cikinta har ya tasa. Ku tambayi masu gyaran targaɗe yadda suke kwana a makon Sallah.

Wanda ya ƙera wannan takalmi daɓen tayil ya hango. Mu kuwa Sallar yara tafiya ce: daga filin Idi zuwa gidan kaka, daga nan unguwa-unguwa neman goron Sallah, cikin yashi da tsakuwa da tsallaken kwata. A lungunan Tsafe ko Bungudu, yarinya kan tsini sai ka ce an sa ta saukowa daga Dutsen Kwatarkwashi.

Ban ga laifinta ba. Ƙyalli take so, ta kuma ga na ƙawarta. Uwa ce ke son hoton da za a ɗora a WhatsApp, uba kuma ya miƙa kuɗi bai ko buɗe leda ba.

Abin da ya fi ci mini rai, mu ne masu jar akuyar da fatarta ta riƙa ƙetare Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Dukawanmu sun iya fade da sambatsai. Yau ga mu muna sayen robar ƙasar Sin da ba ta kaiwa babbar Sallah. Da wani baduku zai ɗinka wa 'yan mata shimfiɗaɗɗen takalmi, ya zuba masa launi da ɗan walƙiya, da ni ne farkon mai saye.

Ranar Sallah da la'asar na je gaisuwa Bungudu. 'Yan mata huɗu suka wuce ni a guje, sun sha kitso da lalle, kowacce riƙe da takalminta a hannu.