Masu Ƙidayar Tsuntsaye Da Gurbin Barno

Sanin kowa ne manomin Barno ba ya jiran rediyo ta gaya masa damina ta kusa. Da ya ga shamuwa ta sauka a kan bishiya, sai ya gyara fartanya. To, amma wa ke rubuta ranar da ta zo bana, da yawan da ta zo, don a gwada da na bara? Amsa ita ce 'yan sa kai, waɗanda ba wanda ke biyansu ko anini.

Wannan aiki ba yau aka fara shi ba. A 1964 aka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya, wadda malaman makaranta da ma'aikata suka riƙe da kuɗin karo-karo. Kowa ya rubuta abin da ya gani ranar hutunsa, a tara, a buga a mujallarsu, wadda ta koma suna Malimbus a 1979 bayan ƙungiyar ta faɗaɗa zuwa Afirka ta Yamma. A 1967 kuma masana daga Ingila suka sauka a Malamfatori, bakin Tafkin Cadi, suna kama ƙananan tsuntsaye, su auna nauyinsu su sake su, don a gane irin kitsen da suke tarawa kafin su ƙetare Sahara zuwa Turai.

Yanzu aikin ya dawo hannun 'yan ƙasa. A 2015 cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos ta soma shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida wajen kilomita 9 tsawo da faɗi. Ɗan sa kai zai shiga gida ɗaya, ya yi aƙalla awa 2 yana dubawa, ya rubuta duk irin tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa, ya aika ta wayarsa. Masana su tace, su zuba a taswira. Samarin Arewa ma suna da tasu tawagar.

Abin takaici shi ne, rashin zaman lafiya tun 2009 ya toshe hanyar dajin Sambisa da bakin tafki, inda a da ake ganin jimina da gauraka. Kuma abin da ba a ƙidaya ba, ba a sanin ranar da ya ƙare. Angulu kaɗai ta isa misali. Wadda a da ba a rasa ta a mahauta, yau yaro sai ya girma a birni bai gan ta ba, don ana kashe ta ana kai kanta kasuwannin masu magani, har nan Kurmi. Ita ce kuwa ke share mushe kafin ya zama cuta.

Saboda haka 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun suna da abin yi. Na farko, akwai ƙungiyoyin kallon tsuntsaye a Lekki da Badun, kuma ba a tambayar takardar makaranta a bakin ƙofa. Wanda ya yi kiwo ko farauta yana yaro ya fi ɗan jami'a ido. Na biyu, mai zuwa gida da Salla ya ware safiya ɗaya a bakin Alau ko kogin Ngadda, in hanya ta yi kyau, ya cike gida ɗaya. Na uku, sarakunan Hausawa na Sabo da Agege su ja kunnen 'yan kasuwa game da fataucin kan angulu.

Ita kuwa Gwamnatin Jihar Barno da Jami'ar Maiduguri, ba a roƙonsu miliyoyi. Madubin hangen nesa, da mota ranar Asabar, da ɗakin taro sun isa a kafa ƙungiya a Yerwa. Da yayyafi kogi kan cika. Allah Ya dawo da lafiya ƙasar Shehu, har ɗalibai su koma Malamfatori da littattafansu.