Hutun Zango: Daga Horo Birni Zuwa Bakin Tekun Gana

A wannan makon filin namu zai leƙa ƙasar Gana, saboda masu tara kuɗin yawon buɗe ido na ƙarshen zangon karatu, tun daga Horo Birni har Bodinga da cikin garin Sakkwato.

Na zaɓi Gana ne domin Bahaushe ba baƙo ba ne a can. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja, suka cika kasuwar Salaga, wasunsu kuma suka zauna. Shahararren malamin nan Alhaji Umaru Salaga haifaffen Kano ne, a Kete-Krachi ya rasu a 1934. Har yau in ka shiga Nima ko Sabon Zango a Akra, ko Zangon Kumasi, da Hausa za ka yi ciniki, ka ci tuwo, ka tambayi hanyar masallaci.

Wurin farko da ya kamata a je shi ne Elmina, inda Turawan Fotugal suka gina ganuwa a bakin teku a 1482. Ita da takwararta ta Cape Coast su ne wuraren da aka riƙa tsare bayi a ɗakuna masu duhu kafin a loda su a jirgi zuwa nahiyar Amurka. Wanda ya tsaya a bakin ƙofar da ake fitar da su zai fahimci cinikin bayi fiye da yadda ya karanta a aji.

Kimanin kilomita 30 daga Cape Coast akwai gandun dajin Kakum. A can aka ɗaura gadoji 7 na igiya da katako daga wannan bishiya zuwa waccan, mutum na tafe gadar na lilo, daji na can ƙasa. A 1995 aka buɗe su. Ga ɗan ƙasarmu da ya saba hango gari daga nesa, wannan duhun daji kaɗai abin kallo ne.

A arewa kuma akwai gandun Mole, mafi girma a ƙasar, inda ake zaga daji da ƙafa tare da ma'aikaci mai bindiga, a ga giwa ido da ido. Kusa da shi akwai tsohon masallacin ƙasa na Larabanga.

Yanzu ga batun shiri. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, domin ƙasashen biyu suna cikin ECOWAS, amma sai da fasfo da katin rigakafin shawara. Mai bin mota ta Legas zai tsallaka iyaka uku: Seme, sai iyakar Benin da Togo, sai Aflao. Ke nan a aljihunsa sai da naira da sefa da sidi. A yi lissafi tun a gida, a ware kuɗin dawowa daban, kada a taɓa su. Kuma a tafi da yardar iyaye, a bar musu lambar wanda za a sauka wurinsa.

Kada wani ya ce ai mu Sakkwatawa ne, mun saba da rana. Zafinmu busasshe ne, nasu kuwa mai laima ne, gumi ba ya bushewa a jiki. A yawaita shan ruwa, a riƙe gidan sauro.

Babban gargaɗina shi ne teku. Wanda ya iya iyo a tafki ko gulbi kada ya ɗauka ya iya teku. Akwai igiyar da ke jan mutum ta yi ciki da shi, ko da ruwan iya ƙugunsa ne. A tsaya inda 'yan gari suka ce a tsaya, kada son hoto ya ja wa iyaye baƙin ciki.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, kada ya ci bashi. Ga Sifawa nan a ƙaramar hukumar Bodinga, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ga Hubbare, ga gidan tarihi na Waziri Junaidu. A fara da su bana, a ci gaba da tarin na Gana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.