Haƙƙin Mai Littafi da Mai Waƙa a Wasan Makaranta

A wannan zamani makarantu da yawa, na boko da na Islamiyya, sun ɗauki al'adar shirya wasan kwaikwayo mai waƙe a ƙarshen shekara. Sai a ɗebo labari daga littafin wani, a haɗa da waƙar wani, a tara iyaye, a karɓi kuɗin shiga, har a ɗauki wasan a sayar. Amma mai littafi da mai waƙa ba a nemi yardarsu ba, sau da yawa ma ko sunansu ba a ambata. Wannan abin gyara ne.

Neman izini ba baƙon abu ba ne wurin malamai. Tun dā almajiri ba ya zaunawa ya karantar da Muwaɗɗa ko Asshifa sai malaminsa ya ba shi ijaza, ya kuma san silsilar waɗanda aka karɓo daga gare su. Mai kwafar littafi da hannu yakan rubuta sunan mawallafi kafin nasa. Fatake kuwa sun san kayan da aka ba su ajiya ba su zama haja sai da yardar mai su.

Wasu za su ce ɓoye ilimi haramun ne, don haka ba mai ikon hana a yi amfani da abin da ya rubuta. To, karantarwa daban, ciniki daban. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait cikin 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa dukiya ce wadda shari'a ta kiyaye, ba ya halatta a keta shi.

Dokar ƙasa ma haka ta tafi. A Nijeriya, dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu cikin 2023, ta bar wa mai littafi da mai waƙa ikon ba da izinin nuna aikinsu a bainar jama'a, ko mai da shi wasa. Ikon nan yana tsaye muddin ransa, ya kuma ƙara shekara 70 bayan shekarar rasuwarsa. Ga misali, Alhaji Abubakar Imam, mai Magana Jari Ce, ya rasu cikin 1981, watau haƙƙin littafinsa yana nan har ƙarshen 2051. Alhaji Mamman Shata ya rasu cikin 1999, nasa sai ƙarshen 2069. Waƙoƙin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu cikin 1817, da na 'yarsa Nana Asma'u, sun daɗe da fita daga wannan wa'adi, kowa na iya rera su, illa dai amana ta wajabta a jingina su ga masu su.

Dokar ta yi rangwame ga abin da malami ya ɗauko domin koyarwa, ba domin riba ba. Amma idan aka kafa tebur a bakin ƙofa ana karɓar kuɗi, al'amari ya tashi daga darasi ya koma kasuwa.

Saboda haka ya kamata shugaban makaranta ya rubuta takarda tun kafin yara su fara bita, zuwa ga mawallafi, ko magadansa, ko kamfanin da ya buga littafin idan haƙƙin na hannunsa. Ya bayyana ranar wasa, da yawan masu kallo, da ko za a karɓi kuɗi. In an yafe, a riƙe amsar a rubuce; in an yanka wani abu, a biya. Ran wasa kuma a ambaci sunan mai aikin a gaban jama'a. Attajiran da ke taimakon irin wannan biki su riƙa tambaya ko an yi haka kafin su miƙa gudummawa.

Yaron da ya ga malaminsa ya nemi izini ya koyi amana tun bai hau dandali ba. Allah Ya kiyashe mu cin haƙƙin bayinSa. Wassalamu.