Batirin Litiyam Bai Yi Laifi Ba, Mai Haɗawa Ne Bai San Aikinsa Ba

Ƙarfe ɗaya na dare, tsakiyar zafin Afrilu, fanka ta tsaya cak. Inbata tana kuka kamar ɗan tsakon da shirwa ta ɗauka, fuskarta kuwa tana nuna wai akwai saura caji kashi 60. Ƙanƙarar da uwargida take sayarwa ta kwana tana narkewa a firiza. Masarar da na noma a hanyar Kafur na sayar na sayi wannan batir, don haka kada wani ya ce mini in yi haƙuri.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 janareta ta gagari talaka, sai duhun da Arewa ta sha a Oktoban 2024 ya ƙarasa tura mutane zuwa sola. Daga Malumfashi har Bakori da Funtua, duk wanda ya taɓa riƙe sukundireba ya wayi gari injiniya. Ba neman halal nake ƙi ba. Abin da yake ƙona mini rai shi ne mutum ya karɓi aikin miliyoyin naira alhali ko mitar awo ba shi da ita a jaka.

Na kira nawa injiniyan. Bai durƙusa gaban batirin ba ma, ya ce, "Alhaji, lodi ne ya yi yawa." Muka rage lodi, ba ta sake zani ba. Ya dawo ya ce, "Alhaji, ƙaro batir." Na ƙaro. Wata biyu aka koma gidan jiya. An bar jaki ana ta dukan taiki, kuma taikin aljihuna ne.

Ɗan ƙanwata ne ya fitar da ni, yaron da nake aike sayen kati. Ya zo da mita ta matse waya, ya haɗa wayar hannunsa da batirin, ya ce, "Kawu, zo ka gani." Cikin akwatin nan da muke kira batir ɗaya ashe ƙwayoyi 16 ne a jere, kowace bolt 3.2, su ne suke haɗuwa su ba da 51.2. Akwai wani ɗan allo mai gadinsu, BMS, wanda babbar dokarsa ita ce: da zarar ƙwaya guda ta haura 3.65 ko ta gangara wajen 2.5, ya yanke wuta gaba ɗaya. A daren da ya auna, goma sha biyar suna kan 3.27, ta goma sha ɗaya ta riga ta sauka ƙasa da 2.9. Duk manomin da ya taɓa ɗaure sa mai ƙarfi da ramamme a karkiya ɗaya ya san inda huɗa take tsayawa. Kashi 60 ɗin da inbata take nunawa kirdado ne kawai, domin wannan nau'in litiyam ƙarfinsa kusan a miƙe yake daga kusan cika har kusan ƙarewa.

Yaron ya koya mini abin da ya kamata a ce mai karɓar kuɗina ne ya sani. A duba ƙwayar sau biyu, da azahar lokacin da caji ya kai ƙarshe, da kuma tsakar dare. In ita ce a baya a duka lokutan biyu, an baro ta ne a hanya, tana gyaruwa. In kuwa ita ce ta fara cika kuma ita ce ta fara ƙarewa, cikinta ne ya ƙanƙance, sai canji, kuma wataƙila tun asali tsohuwa aka yi wa sabuwar riga aka sayar maka. Tawa ta farkon ce.

To me ya baro ta a baya? Yawancin allunan nan ba sa fara daidaita ƙwayoyi sai sun kai wajen 3.4, kuma a hankali suke yi, kamar cika randa da cokali. Ƙwaya mai am-awa 100 in ta yi baya da kashi biyar, allon da yake jan miliyam 50 sai ya yi awa ɗari kafin ya cike giɓin. Shi kuwa gwanin nawa ya saita inbata ta tsaya a bolt 53. Raba 53 gida 16, 3.31 ke nan. Wato tun ranar da aka kafa batirin bai taɓa cika ba. Ga ƙurar hunturu da ta lulluɓe farantan sola wata da watanni, bai taɓa cewa a riƙa gogewa ba.

Batir na biyu kuma abin takaici ne zalla. Ya ɗaura shi a bayan na farko da waya doguwa, siririya, noti ɗaya ma da yatsa ake juya shi. Mita ta nuna na kusa yana ɗaukar am 30, na nesa 12. Ɗaya yana shan wahala, ɗaya yana hutu, a ɗakin kwano marar taga da ko akuya ba za ta yini a ciki ba, alhali zafi yana tsofar da litiyam.

Gyaran bai ci kuɗin buhun taki ba. Aka caja kowane batir daban har suka yi kai ɗaya, aka yanko wayoyi masu tsawo da kauri iri ɗaya zuwa sandar jan ƙarfe guda, aka ɗaure notuna, aka ɗaga saiti zuwa 55.2, aka kashe firiza kwana uku, aka ƙara 'yar na'urar da take kwasar caji daga cikakkiyar ƙwaya ta zuba wa mai baya. Kada dai wanda bai sani ba ya cusa sufana cikin akwatin nan, wutarsa tana narkar da ƙarfe.

Mu ma da namu sakacin. A kasuwar hatsi ba wanda yake biyan buhu bai soka masa bututu ya ga ƙwayar ba, amma mu miƙa kuɗin noman shekara a kan akwatin da aka ɗauko daga Sabon Garin Kano ba mu tambayi ko ƙwaya nawa ce a ciki ba, ga shi kuwa akwai masu 15 da ake sayarwa da sunan bolt 48. Ni dai daga yau duk mai haɗa sola da zai taka zaurena sai ya nuna mini lambar kowace ƙwaya, rana da dare, ya rubuta a takarda ya sa hannu. Nawa injiniyan ya bugo shekaranjiya yana tambayar cikon kuɗin aikinsa. Na ce ya zo da mita ya karɓa. Har yanzu ban ga ƙeyarsa ba.