Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnan Babban Bankin Najeriya kan Janye Kuɗin Ɗan Kasuwa Bayan Ciniki

Mai girma Gwamna Olayemi Cardoso, ranka ya daɗe,

Ni mai sayar da atamfa da shadda ne a Kantin Kwari, Kano. Tun 2012 da aka fara kiran a rage yawo da tsabar kuɗi muke jan ƙafa, sai ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tilasta mana. Yau da wuya ka ga shagon da babu na'urar POS. A 2024 aka ce masu POS su yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, aka yi. To, mu wa ke kare mu?

Ga abin da ya same ni. Wani baƙo ya zaɓi shadda ta kuɗi mai kauri, ya sa kati, ya danna lambar sirri da hannunsa. Rasit ya fito, alat ya shigo, yarona ya ɗaukar masa kaya har bakin titi. Bayan makonni na wayi gari an zare kuɗin daga asusuna. Wai ya je bankinsa ya ce an cire masa kuɗi bai karɓi komai ba. Bankinsa ya tura ƙorafi wurin kamfanin da ya ba ni na'urar, su kuma suka ce sun aiko mini da imel, wa'adin amsa ya wuce, shiruna ya zama amincewa. Imel, ranka ya daɗe! Mutumin da ke tsaye a kan kanta daga safe har magariba, shi za a yanke wa hukunci da saƙon Turanci da bai gani ba?

Na tono rasit ɗin a ƙasan durowa. Takardar irin mai koɗewa ce, zafin Kano ya cinye rubutun, lambar cinikin sai an kara ta da hasken waya ake ganin rabinta. Na kai ta kamfanin a haka. Budurwar da ke karɓar koke ta yi mini ladabi, amma ta ce magana ta bar hannunsu. Babu kaya, babu kuɗi, wanda na sari shaddar a wurinsa kuma yana jiran biyansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ban ce a hana mai kati haƙƙinsa ba. Umarninku na Yunin 2020, da ya rage wa'adin warware rikicin POS daga kwana 5 zuwa awa 72, ya share hawayen talakawa da yawa. Amma wannan saurin a kanmu yake ƙarewa, domin ya fi wa banki sauƙi ya zare kuɗin mai shago da ya tsaya bincike. Macuta sun gane haka, shi ya sa abin ke yawaita.

Roƙona shi ne kada a taɓa kuɗin ɗan kasuwa sai an kira shi a waya, an tura masa tes, da Hausa idan ita yake ji, an ba shi kwanakin da zai kawo hujja. Ai bayanan kowane ciniki suna cikin kwamfutocin bankuna da na NIBSS mai daidaita biyan kuɗi tsakanin bankuna. Don me za a jingina gaskiyata da guntuwar takarda? Wanda aka kama da ƙaryar ƙorafi kuma a sanar da sauran bankuna.

Mu ma mun fara gyara. Yanzu duk babban ciniki muna ɗaukar hoton rasit nan take, mai saye ya sa hannu a littafi, ya bar lambar wayarsa. Wasu maƙwabtana sun mayar da na'urar cikin kwali, sun ce tsaba ko a haƙura. Ina hana su, amma hujjata ta fara ƙarewa.

A umarci sashenku na kare haƙƙin abokan hulɗar bankuna ya zauna da shugabannin kasuwannin Kwari da Singa da Dawanau, ya ji daga bakin waɗanda aka zare wa kuɗi.

Naka cikin girmamawa,
Ɗan kasuwa daga Kantin Kwari, Kano