Gadarif: Maganin da ake ɓoye wa likita

A watan jiya na raka wani matashi ɗan unguwarmu asibiti a nan Gadarif. Idanunsa sun yi ɗorawa, fitsarinsa ya yi duhu, ga kasala. Likita ya tambaye shi ko yana shan wani magani, ya ce babu. Mahaifinsa na tsaye a kansa, ƙofa a buɗe, ga wasu marasa lafiya biyu a kan benci a cikin ɗakin suna jiran layi. Aka tura shi gwajin jini, aka ce hanta ce, aka shiga neman ciwon shawara. Sai da muka fito bakin titi, mahaifin ya je neman abin hawa, yaron ya matso ya ce da ni: "Kawu, wata uku ke nan ina shan ƙwayar gina jiki." Na ce to me ya hana ka faɗa? Ya ce, "A gaban Baba?"

Wannan tambaya tasa ce ta sa muka ɗauki batun a yau. Laifin yaron a fili yake, amma ba shi kaɗai ke da laifi ba.

Magunguna iri biyu ne ake kira da suna ɗaya, sitiroyid, kuma mutanenmu na cakuɗa su. Na farko su ne na gina tsoka, dangin sinadarin mazantaka na testosterone, irin su Dianabol da Deca-Durabolin da Sustanon, waɗanda samari masu ɗaga ƙarfe ke sha ko su yi allurarsu. Irinsu ne aka kama ɗan tseren Kanada Ben Johnson da shi a gasar Olamfik ta Seoul a 1988, aka karɓe zinarensa. Na biyu su ne dangin dexamethasone, wanda 'yan mata a Sudan suka sani da Abu Najma, suke sha don su yi ƙiba, musamman idan biki ya matso. A Kano da Katsina irin waɗannan ƙwayoyi ne ake ce wa "sha ka fashe". Shi kansa dexamethasone magani ne mai daraja a hannun likita. A 2020 binciken Jami'ar Oxford ya nuna yana rage mutuwar masu korona da ciwon ya yi wa tsanani. A hannun mai tebur a kasuwa kuwa wani abu ne daban.

Abin da samari da yawa ba su sani ba shi ne, gwajin jinin da ake yi a asibitocinmu ba ya fitar da sunan ƙwayar da mutum ya sha. Wannan aikin ɗakunan gwaji ne na musamman, irin na masu sa ido a wasanni. Abin da likita ke gani ɓarnar ce kawai: alamun hanta sun hau, jini ya yi kauri, kitsen jini mai amfani ya faɗi, hawan jini ya taso wa ɗan shekara 22. Idan ba a gaya masa dalili ba, zai bi wata hanya daban, ya sa a sake gwaji bayan gwaji, iyali su yi ta biyan kuɗi a wannan marra da kowa ya san halin da ake ciki. Ita kuwa mai shan Abu Najma, sukarinta na iya hawa, garkuwar jikinta ta yi rauni, zazzaɓi ya ɓuya har ciwo ya ci ƙarfinta. Mafi hatsari, idan ta daɗe tana sha aka kwantar da ita ta daina rana ɗaya ba tare da likita ya sani ba, jininta na iya faɗuwa ƙasa warwas, domin jikinta ya daina samar da nasa sinadarin. A hankali ake janye irin wannan magani, kuma likita ba zai janye abin da bai san da shi ba.

A Gadarif batun ya fi nauyi saboda kala'azar. Jiharmu na cikin wuraren da wannan ciwo ya fi kamari a duniya, musamman ƙauyukan bakin kogin Atbara da na Rahad, inda Hausawa manoman riɗi da dawa suke da yawa. Ciwo ne da ke kumbura saifa, ya ramar da mutum, ya ƙarar da jini. Allurar da aka saba yi masa ta kwana 17 tana da nauyi a kan zuciya da hanta da ƙoda. Yanzu a ce wanda za a yi wa ita ya riga ya gajiyar da hantarsa da Dianabol, ko wadda ta rame saboda kala'azar ta je ta sayi ƙwayar ƙiba don mutane su daina magana, kuma duka biyun suka yi shiru a gaban likita.

Akwai kuma wata ɓarna da ke faɗawa kan wadda ba ta ji ba ta gani ba. Allurar testosterone tana sa jikin namiji ya rage ko ya dakatar da samar da maniyyi mai ƙwayar haihuwa, kuma farfaɗowa na ɗaukar watanni, wani lokaci fiye da shekara. Ango ya yi shiru, shekara ta zagayo babu ciki, sai dangi su juya kan amarya. Ita za a kai wajen likitan mata, ita za a kai wajen malam, ita za ta sha habaici.

To amma a dawo ga tambayar yaron nan. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, sannan Wad Madani ta faɗi a Disambar shekarar, Gadarif ta cika maƙil da 'yan gudun hijira, ga kwalara da aka ayyana ɓullarta a jihar a Satumban 2023. Likitocinmu da ma'aikatan jinya sun ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsu, kuma mun yaba. Sai dai cunkoso ya cinye sirri. Ana duba mutum uku a ɗaki ɗaya. Ana miƙa takardar sakamako ga duk ɗan'uwan da ya miƙo hannu. Mai gwajin jinin maƙwabcinka ne, kun yi sallar asuba a sahu ɗaya. Wani lokaci ma hoton sakamakon ne ke yawo a WhatsApp daga waya zuwa waya, wai ana neman shawarar wani likita a waje. Wace budurwa ce za ta ce tana shan Abu Najma alhali ƙanwar angonta na zaune a gefe? Mu Hausawa ga kunya, ga kara, ga gudun abin da za a ce a unguwa.

Riƙe sirrin majiyyaci wajibi ne a aikin likita, kuma Majalisar Likitoci ta Sudan tana da ikon ladabtar da wanda ya saɓa. Abin da muke nema daga ma'aikatar lafiya ta jiha da shugabannin asibitoci bai buƙatar dala ko ɗaya. Likita ya ce wa mai rakiya, "Baba, a ɗan ba mu wuri minti biyu," ya kuma mai da shi al'ada ga kowa, don kada a zargi wanda aka keɓe. Ya yi tambayar da sunan da mutane suka sani, ƙwayar ƙiba, allurar jim, man shafawa na bilicin, domin yawancinsu ba sa lissafa waɗannan a cikin "magani". Kada ya yi wa'azi kafin ya gama sauraro. Sakamakon gwajin baligi kuma a ba shi a hannunsa, a ninke. Hukumar kula da magunguna da guba ta ƙasa, ita ma, ta leƙa teburan kasuwa da kemis-kemis ɗin da ke sayar da waɗannan ba tare da takardar likita ba.

Ga samari da 'yan mata kuwa, a tafi da kwalin ko kwalbar asibiti, a faɗi yawan da ake sha da tsawon lokacin, a kuma faɗa idan an taɓa yin tarayya a sirinji, don a duba ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau.

Yaron unguwarmu ya koma washegari shi kaɗai, da kwalin a aljihu. Likitan ya rufe ƙofa, ya soke gwaji biyu daga cikin waɗanda ya rubuta, ya ce ya daina ƙwayar ya dawo bayan mako biyu a sake duba hantar. Mahaifinsa har yau yana cewa shawara ce.